Shagon Likitan Dabbobi Mai Zuwa Gida: Abin da Mai Sikila Ta Gani a Sakkwato

Shekara biyu ke nan da 'yan watanni ina hulɗa da wani shagon magungunan dabbobi da abincin tsuntsaye a nan cikin garin Sakkwato, kuma ina ganin na daɗe da su daidai yadda zan iya faɗin abin da na gani, da mai daɗi da marar daɗi, ba tare da na zalunce su ko na yi musu kara ba. Ba zan kama sunan shagon ba, domin akwai kurakuran da zan ambata, kuma ba nufina ba ne in ɓata wa wani hanyar cin abincinsa. Abin da nake so shi ne wanda yake fama da ciwon da ba ya rabuwa da mutum, kuma Allah ya jarabce shi da son kiwo, ya san abin da zai nema a wurin masu irin wannan sana'a da kuma inda zai yi hattara.

An haife ni da sikila, wadda wasu ke kira amosanin jini, kuma jinina SS ne. Ina zaune tare da iyayena a Mabera. Tun da na ajiye aikin koyarwa saboda ƙuguna na hagu ya daina jure tsayuwar aji, yinina ya koma kan abubuwa uku, wato tattabaru 26 da ke wani ɗan ɗaki a bayan gida, da jajayen awaki biyu, da ɗinkin hular da nake yi a gindin dogon yaron da ke tsakar gidanmu. Hular ce take kawo ɗan abin sayen folik asid da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, amma tattabarun ne suke tashe ni da safe a ranakun da jiki ba ya son tashi, domin na san akwai rayukan da ke jiran in buɗe musu ƙofa.

Matsalar ita ce kusan duk abin da kiwo yake bukata, shi ne abin da sikila ta ƙi jini. Jar ƙwayar jinin mai lafiya takan kai kwana 120 tana aiki, tawa kuwa takan mutu tsakanin kwana 10 zuwa 20, shi ya sa jinina kullum a ƙasa yake, kuma gajiya ba ta yi mini nisa. Idan sanyi ya taɓa ni, ko ƙishirwa ta kama ni, ko na yi aikin ƙarfi, sai ƙwayoyin su lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, daga nan ciwon ƙashi ya tashi. To, wankin mazubin ruwa da asubar hunturu, da jan buhun dusa, da zuwa kasuwar Kara a cikin ranar Afrilu wadda zafinta ke haura maki 40, duk ayyukan yau da kullum ne ga mai kiwo. Akwai kuma abin da ya fi waɗannan haɗari. Saifar mai sikila takan lalace tun yana ƙarami, ita ce kuwa ke tace wasu ƙwayoyin cuta daga jini, kuma ƙwayar salmonela, wadda ake samu a kashin tsuntsaye, ta yi suna wajen shiga ƙashin masu sikila ta haifar da ciwo mai wuyar magani. Likitar da ke duba ni a asibiti ba ta ce in rabu da tattabaruna ba, amma ta gindaya mini sharaɗi cewa kada hannuna ya taɓa kashinsu, kada kuma ƙurar ɗakinsu ta shiga ƙirjina. Wannan sharaɗi ne ma'aunin da nake auna shagon da shi, ba arahar kaya ko iya magana ba.

Na san su ne a wata damina da 'yan shilata suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har na rasa biyar cikin mako biyu. Ƙanena ne ya jiyo labarinsu a bakin wani mai sayar da harawa, muka shiga keke napep muka je da ɗan shila guda a cikin kwali. Zuwan nan ne na farko, kuma ban sake komawa da ƙafata ba sai sau biyu, domin shagon kansa bai dace da marar lafiya ba. Ɗaki ɗaya ne matsattse, buhunan abincin kaji a jibge har bakin ƙofa, warin maganin kaska ya cika wurin, ga matakala uku masu tsawo da sai da aka riƙe ni na hau, kuma babu ko benci ɗaya da mutum zai zauna. Na yi kusan rabin awa a tsaye ina dafe da kanta kafin layi ya zo kaina. Da a ce a kan wannan zan yanke hukunci, da ban sake waiwayarsu ba.

Abin da ya riƙe ni shi ne yadda mai shagon, wanda kowa ke kira Likita, ya karɓi tsuntsun. Ya kwantar da shi a tafin hannunsa na hagu, ya buɗe bakinsa a hankali da babban yatsa, ya juya shi wajen hasken ƙofa, sannan ya ce, "Malama, matso ki gani da idonki." A can cikin maƙogwaron akwai wani abu rawaya a manne kamar ɓarɓashin wara. Ya bayyana mini cewa wata ƙaramar halitta ce da ke yaɗuwa ta ruwan sha, kuma iyaye suna sanya wa 'ya'yansu ita a lokacin ɗura, domin tattabara, da macen da namijin, suna ciyar da ɗan da aka ƙyanƙyashe da wani farin abu mai kama da madara da ke fitowa daga jakar abincin da ke wuyansu. Saboda haka, in ji shi, ba ɗan shila kaɗai za a yi wa magani ba, sai garken duka, kuma sai an riƙa sauya ruwa kullum. Ya rubuta mini adadin maganin da yawan kwanakin a takarda, bai bar ni da "ki zuba kaɗan" ba. A jikin bango na ga takardar rajistarsa da hukumar likitocin dabbobi ta Najeriya, kuma ina ba kowa shawara ya ɗaga kai ya nemi wannan takarda a duk shagon da ya shiga, domin ba duk mai farar riga da sirinji ne likita ba.

Da ya ga yadda nake sauya ƙafa saboda ƙugu, sai ya tambayi ƙanena ko lafiya, ƙanena ya gaya masa. Bai yi mini irin kallon tausayin nan da na saba gani ba, bai kuma ce me mai sikila za ta yi da tattabaru ba, maganar da na sha ji a bakin dangi. Cewa ya yi suna da tsarin zuwa gida, kuma suna da yaro mai share ɗakin tsuntsaye da turken awaki idan ana so. Wannan tsari shi ne ainihin abin da nake biya, kuma shi ya sa nake wannan rubutu.

Yaron yakan zo sau ɗaya a mako. Ɗan shekara goma sha shida ne ko sha bakwai, mai ladabi, yakan yi sallama a zaure ya jira sai Baba ko ƙanena ya shigo da shi, kuma bai taɓa wuce inda aikinsa ya tsaya ba, abin da ya kwantar wa Inna hankali tun farko. Yadda yake sharar ne ya nuna mini cewa an koya masa. Kafin tsintsiya ta taɓa ƙasa sai ya yayyafa ruwa ko'ina har kashin ya jiƙe, domin busasshen kashin tattabara idan aka share shi haka nan yakan tashi ya zama ƙura mai shiga huhu, kuma ciwon ƙirji na cikin abubuwan da suka fi kai mai sikila ga halaka. Yakan sa takunkumi da safar hannu, ya kankare allunan da suke kwana a kai da ɗan ƙarfe, ya zuba tarkacen a buhu ya ɗaure bakinsa, ya wanke tukwanen da suke ƙwai a ciki waɗanda babu kowa, sannan ya shanya mazuban ruwa a rana. Ni kuma ina can nesa a kan tabarma, ta inda iska ke fitowa, da hula a kan gwiwa da allura a hannu, ina kallonsa yana yi. A irin wannan zama na gama wata hula mai zaren ruwan toka da shuɗi mai duhu, launukan da na kwaikwayo daga wuyan wani namijin tattabarata da nake kira Sarki, kuma ita ce hular da aka fi yi mini magana a kanta cikin duk waɗanda na ɗinka.

Ta fuskar rigakafi ma ban same su da wasa ba. A garin da wutar lantarki ba ta da tabbas, kuma zafi ke narkar da ƙanƙara kafin a kai ta gida, allurar rigakafin da ta yi ɗumi ruwa ce kawai. Suna da firji mai aiki da hasken rana, kuma Likita yakan zo da kwalaben a cikin 'yar kula da ƙanƙara, ya nuna mini ranar ƙarewar wa'adi kafin ya fasa. Awakina sun sami allurar PPR, cutar nan mai zuwa da majina da zawo da gyambon baki wadda kan share turke cikin 'yan kwanaki, kuma allurar ta cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom ce, kusa da Jos. A kan tattabaru kuma ya gaya mini gaskiyar da wani mai son ciniki zai ɓoye, cewa rigakafin LaSota da ake ɗiga musu saboda cutar da ke murɗe wuyan tsuntsu, asalinsa na kaji ne, kariyar da yake ba tattabara ba cikakkiya ba ce kuma ba ta daɗewa, don haka kada in dogara da shi in riƙa sakin sabuwar tattabarar kasuwa cikin garke ba tare da na keɓe ta na wasu makonni ba. Shi ne kuma ya ja kunnen Inna a kan nonon akuya, ya ce kada a kuskura a ba ni shi sai an tafasa, kuma idan an yi wa akuya allurar kashe ƙwayoyin cuta a bar shan nononta har kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba su cika.

Ranar da na san darajar tsarin nan ita ce lokacin da ciwo ya kayar da ni a tsakiyar hunturun bara. Na fita da asuba ba tare da na rufe jiki da kyau ba, kafin azahar bayana da cinyoyina sun ɗauka, kafin magariba ina gadon asibiti da ƙarin ruwa a hannu. Kwana tara na yi, har da ƙarin jini leda ɗaya. Akuyata babba tana gab da cika wata biyar ɗinta na ciki, Inna na wurina dare da rana, ƙanena yana jarrabawa, Baba kuwa shekaru sun ja. Daga gadon na aika wa Likita saƙo ta WhatsApp, ban ma iya rubuta shi daidai ba saboda zafin ciwo. Amsar da ya ba ni gajeriya ce: "Malama, ki ji da jikinki, dabbobi suna hannunmu. Allah ya ba da lafiya." Yaron ya riƙa zuwa kowane bayan kwana ɗaya maimakon mako-mako, kuma a daren kwana na shida da akuyar ta fara naƙuda ɗa na biyu ya zo a karkace, Likita da kansa ya hau babur ya zo bayan sallar isha'i ya gyara shi. Da safe ya turo mini hoton 'yan awaki biyu jajaye jawur suna tsaye a kan ƙafafu masu rawa. Masu jinyar da ke ɗakin sun ga na yi kuka, suka ɗauka ciwon ne ya ƙaru. Kuɗin zuwan dare ya karɓa, kuma haƙƙinsa ne, amma ƙarin kwanakin da yaron ya yi bai sa su a lissafi ba, duk da na nace.

Sai dai akwai inda suka gaza, kuma gazawar ba ƙarama ba ce. Mafi muni ita ce abin da ke faruwa a shagon idan Likita ba ya nan. Akwai wani ma'aikaci da ke tsare kanta, wanda ba shi da ilimin aikin amma yana ba da magani kamar mai shi. Wata rana da tattabaruna biyu suka yi lakwas suna zawo, na aiki ƙanena, aka ce Likita ya tafi ƙauye duba shanu, sai wannan ma'aikaci ya haɗo masa garin maganin kashe ƙwayoyin cuta kala biyu ya ce a zuba wa duka a ruwa, alhali bai ga tsuntsu ko ɗaya ba kuma bai tambayi komai ba. Na yi kwana huɗu ina ba su, ɗaya ta mutu. Da Likita ya dawo ya duba, tsutsar ciki ce, wadda maganin ba ya taɓa ta ko kaɗan. Ban da asarar tsuntsun, wannan ɗabi'a ta ba da irin waɗannan magunguna barkatai ita ce ke sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani, kuma mutum irina, wanda rayuwarsa kan rataya a kan allurar da za ta yi aiki ranar da zazzaɓi ya shiga jini, ba zai ɗauki abin da sauƙi ba. Na faɗa wa Likita haka ƙarara. Ya ba ni haƙuri, ya ce zai tsawatar, amma ƙanena ya sake ganin mutumin yana yi wa wani mai kaji irin haka bayan wata biyu.

Na biyu shi ne saɓa lokaci. Idan aka ce ƙarfe takwas na safe, sau da yawa sai sha ɗaya ta wuce. Ga mai lafiya wannan ɓacin rai ne kawai, amma ni a bazara ina tsara yinina ne a kan rana, in gama duk abin da zai fitar da ni tsakar gida kafin ta take, in koma ɗaki da gorar ruwa. Idan suka zo da tsakar rana, ko dai in fito in jawo wa kaina ciwo, ko in bar su su yi aikin ban gani ba. Na fahimci cewa likita ɗaya ne kuma kiran gaggawa kan faɗo masa, amma kiran waya na minti ɗaya a ce za a makara ba ya cin komai, kuma sai kwanan nan suka fara yin sa.

Abincin tsuntsayen da suke haɗawa, gero da dawa da alkama da ɗan wake, yana da kyau yawanci, kuma tattabaruna sun yi ƙiba da sheƙi a kansa. Amma sau biyu an kawo mini shi da ƙura da ƙwari, alamar ya daɗe a ajiye, har sai da Inna ta sheƙe shi ta bushe kafin a ba su. Tsadarsa ta ɗara ta kasuwa da kaɗan, kuma ina biyan bambancin da zuciya ɗaya saboda har gida ake kawowa a sauke inda na nuna. Dusa da harawar awaki kuwa gara mutum ya aika a sayo masa a Kara, domin nasu ba su fi ba kuma sun fi kuɗi. Ba sa ba da rasit sai an roƙa, kuma da farko babu wani littafin da suke rubuta ranar da aka yi wa dabba allura, da ka ake riƙewa. Ni na sayi ɗan littafi na ce duk wanda ya zo ya rubuta abin da ya yi da kwanan wata ya sa hannu, suka karɓa ba tare da gardama ba, har Likita ya ce zai yi wa sauran gidajen da yake zuwa irinsa.

Idan aka haɗa kuɗin shara na wata da na zuwan likita idan bukata ta taso, abin yana cinye mini kusan ribar hula ɗaya cikin biyun da nake iya gamawa a wata idan jiki ya ba da hali. Ba ƙaramin abu ba ne ga wadda ba ta da albashi, kuma na san akwai masu irin ciwona da yawa a garin nan da ba za su iya ba, musamman ganin cewa Najeriya ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu sikila a duniya, kuma akasarinsu kuɗin magani ma da ƙyar suke haɗawa. Da shagon zai fito da tsari mai rahusa na shara kaɗai, sau biyu a wata, da ya buɗe ƙofa ga mutane da dama, da masu sikila da masu asma da tsofaffin da gwiwa ta hana su sunkuyo. Na kawo masa wannan shawara, ya ce yana duba yiwuwar ɗaukar yaro na biyu.

Wanda yake da lafiyar zuwa kasuwa da share turkensa da kansa, abin da zai samu a wurinsu shi ne likita mai gaskiya da rigakafin da aka adana da kyau, kuma ya tabbata Likitan ne ya gani, ba mai tsaron kanta ba. Wanda kuma yake cikin irin halina, ina ba shi shawarar ya ɗauki tsarin zuwa gida, ya gaya musu ciwonsa tun ranar farko ba tare da jin nauyi ba, ya tsaya a kan cewa a jiƙa ƙasa kafin shara, ya ajiye littafinsa, kuma ya fara shawartar likitan da ke duba shi a asibiti kafin ya ƙara ko tsuntsu ɗaya. Ni dai na sabunta yarjejeniyata da su ta wata shida masu zuwa, bisa sharaɗi biyu da muka rubuta a shafin farko na littafin: ba za a aiko mini da wani magani ba sai Likita ya ga dabbar da idonsa ko a hoto, kuma daga Maris zuwa Mayu duk aikin da za a yi a gidanmu a gama shi kafin ƙarfe goma na safe.